Shin da gaske hular ƙoda tana gajiya, kuma ashwaganda na farfaɗo da ita?

"Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce, shekaruna 39, 'ya'yana biyar. Kusan wata takwas ke nan ina fama da kasala da mutuwar jiki. Ko na yi barci sai in tashi kamar an yi mini duka, da la'asar kuwa sai na sha shayi mai kauri kafin in iya ɗora girkin dare. Wata ƙawata ta turo mini bidiyo a WhatsApp inda wata mata ke cewa wannan ita ce 'gajiyar adirinal', wai damuwa ce take tsotse wani abu da ke saman ƙoda, kuma akwai tsirrai da ake kira adaftojin, irin su ashwaganda, da ke farfaɗo da shi. Tana sayar da kwalba ɗaya naira 28,000. Shekara biyu ke nan ina shan maganin hawan jini. Shin akwai wannan cuta, kuma in saya in sha?" Wata mai karatu daga Zariya.

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Tambayarki a ido guda ɗaya ce, amma idan aka warware ta guda uku ne a ƙulle: ko damuwa da ɗawainiyar yau da kullum suna iya gajiyar da wannan halitta da ke saman ƙoda har ta kasa aiki, ko tsirran da ake tallatawa da sunan adaftojin suna da wani amfani da aka tabbatar, sannan ko ke da kanki, da hawan jininki da maganin da kike sha, ya dace ki saya. Zan fara da gajeriyar amsa domin kada ki tura kuɗin kafin ki kai ƙarshen rubutun: ki dakata tukuna. Kasalar da kike ji ba raki ba ne, kuma wata takwas lokaci ne da ya isa a bincike ta da kyau. Sai dai sunan da aka raɗa mata a wancan bidiyo likitocin wannan fanni ba su yarda da shi ba, kuma ɗaya daga cikin saiwoyin da aka saba zubawa a irin waɗannan kwalabe, mai hawan jini ne ya fi kowa cutuwa da ita.

Hular ƙoda da aikinta

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka mai launin rawaya, zaune kamar hular da aka ɗora wa ƙodar a ka, nauyinta giram 4 zuwa 6, wato ko ƙwayar goro ɗaya ta fi ta nauyi. Ita ce adirinal, ni kuma nakan ce wa marasa lafiya hular ƙoda domin su fi saurin riƙewa. Duk da maƙwabtakarsu, ba ruwanta da tace fitsari. Aikinta shi ne haɗa wasu sinadarai da ake kira homon, ta zuba su kai tsaye cikin jini, su tafi su isar da saƙo ga sauran gaɓoɓi. Tana da ɓargo da ɓawo. Ɓargon na tsakiya shi ke fitar da adirinalin, sinadarin da ke sa gabanki ya faɗi, zuciya ta shiga dukan uku-uku, a lokacin da yaro ya kufce daga hannunki ya nufi titi. Ɓawon kuwa yana fitar da aldositeron, wanda ke riƙe gishiri da ruwa a jiki ya zubar da wani gishirin jini mai suna fotasiyam ta fitsari, da wasu sinadarai masu alaƙa da jinsi, sai kuma kotisol, wanda duk wannan magana a kansa take.

Masu talla suna kiran kotisol "sinadarin damuwa", kuma sunan ya zalunce shi. Shi ne ke hana sugan jini faɗuwa idan mutum ya daɗe bai ci abinci ba, kamar mai azumi, shi ke taimaka wa jijiyoyin jini su riƙe ƙarfinsu, shi ke lafar da kumburi idan garkuwar jiki ta so wuce gona da iri. Ba a rayuwa sai da shi. Kuma hular ƙoda ba ta yin gaban kanta wajen fitar da shi, umarni take jira daga ka: wani sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa yana aika wa wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake da ake kira fituwitari, ita kuma ta saki sinadarin da ake taƙaita sunansa da ACTH, wanda ke gangarowa ta jini ya ce wa hular ƙoda ta yi aiki. Idan kotisol ya wadata a jini sai ƙwaƙwalwa ta rage aike, kamar mai shagon da ya ga kanta ta cika ya daina kiran dila. Ki riƙe wannan misali, zan dawo gare shi. Abu na ƙarshe shi ne kotisol yana da lokaci: yakan kai ƙololuwa da sassafe, musamman a rabin sa'ar da ke biyo bayan farkawa, ya riƙa sauka cikin yini har ya kai ƙasa wajen tsakar dare. Saboda haka gwajinsa da aka yi ba tare da la'akari da agogo ba ba ya gaya wa likita komai.

Inda maganar ta samo asali

A shekarar 1936 wani masani mai suna Hans Selye, yana aiki a birnin Montreal na Kanada, ya wallafa abin da ya gani a jikin ɓerayen gwaji. Ko da sanyi aka azabtar da su, ko da rauni, ko da guba, sauyin da jikinsu ke yi iri ɗaya ne, kuma ya kasa shi mataki uku: firgita, da juriya, da ƙarewar ƙarfi. Wannan mataki na uku ne masu tallan yau suke rataye hujjarsu a kai, alhali abin da Selye ya tarar da ya buɗe ɓerayen shi ne hular ƙodarsu ta ƙara girma. Ita kalmar "gajiyar adirinal" kuwa sabuwa ce ƙwarai. A 1998 wani mai suna James Wilson, wanda sana'arsa gyaran ƙashin baya ce da magani da tsirrai, ya ƙirƙiro ta, ya jera mata alamomi: gajiya, wahalar tashi da safe, kwaɗayin gishiri ko zaƙi, da dogaro da shayi ko kofi kafin a iya ƙarasa yini. Ki duba jerin nan da kyau, ki faɗa mini wace uwa mai 'ya'ya biyar da aikin koyarwa ce ba za ta ga kanta a ciki ba. Nan ƙarfin tallan yake, domin rigar da aka ɗinka ta shiga wuyan kowa ba ta rasa mai saye.

A 2016 wasu likitocin homon biyu 'yan Burazil, Flavio Cadegiani da Claudio Kater, suka tattara bincike 58 da aka yi a kan alaƙar gajiya da kotisol, suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon ya yi ta karo da juna: a wasu masu gajiya kotisol yana sama, a wasu yana ƙasa, a da yawa kuma bai bambanta da na masu lafiya ba. Suka kammala da cewa babu hujjar samuwar wannan cuta, kuma matsayin babbar ƙungiyar likitocin homon da ke Amurka ke nan. Abin da muke gani a asibiti ma yana goyon bayan haka, domin mara lafiyar da ya yi kwanaki rai a hannun Allah, wanda jikinsa ke cikin wahalar da ta fi kowace damuwar ofis, kotisol ɗinsa yawanci sama yake. Damuwa mai tsawo tana iya ɓata tsarin lokacin kotisol, tana hana barci, tana ɗaga jini, duk wannan gaskiya ne. Amma cewa ta tsotse hular ƙoda har ta bushe, wannan ba a gan shi ba.

Idan hular ƙoda ta kasa da gaske

Akwai cutar gazawar adirinal ta haƙiƙa, kuma tana kisa idan ba a gano ta ba. Wani likitan birnin Landan, Thomas Addison, ya bayyana ta a 1855, har yau da sunansa ake kiranta. Alamominta ba sa fitowa sosai sai kusan kashi 90 cikin 100 na ɓawon ya lalace, kuma ba gajiya kaɗai ba ce. Mutum yakan rame, abinci ya fita ransa, zuciya ta riƙa tashi, jininsa ya yi ƙasa har ya riƙa ganin jiri idan ya miƙe tsaye, fatarsa kuma ta ƙara duhu. A jikin baƙar fata ba a fuska muke neman duhun ba, mukan buɗe tafin hannu mu duba layukansa, mu duba dasashi da cikin kumatu da tabon tsohon rauni. A Turai garkuwar jiki ce ta fi lalata halittar, amma a ƙasashenmu tarin fuka, wato tibi, har yanzu yana cikin manyan dalilai, kamar yadda yake a zamanin Addison, domin ƙwayar cutar takan bar huhu ta bi jini ta sauka a can. Ki lura cewa mai wannan cuta jininsa ƙasa yake yi, ke kuwa naki hawa ya yi, wanda ya sa ba ita ce farkon abin da zan zarga a kanki ba.

Akwai kuma wadda nakan tambayi duk macen da ta yi haihuwa da yawa a kanta. Idan mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, fituwitari na iya rasa jinin da zai rayar da ita ta mutu, sai umarni ya daina sauka ga hular ƙoda da sauran 'yan'uwanta. Wani likita ɗan Ingila, Harold Sheehan, ya bayyana wannan a 1937. Alamar farko ita ce ruwan nono bai zo ba bayan waccan haihuwa, al'ada ba ta dawo ba, gashin hammata ya zube, mace ta riƙa jin sanyi da kasala shekara da shekaru ana ce mata jinnu ne ko sammu. Idan a haihuwarki ta ƙarshe an ƙara miki jini, lallai ki faɗa wa likitan da zai duba ki.

Amma abin da ya fi kawo mana gazawar adirinal a asibiti, nesa ba kusa ba, magani ne da mutane ke saya da kuɗinsu. Akwai rukunin magunguna da ake kira sitiroyid, irin su deksametazon da firednisolon na sha, da kulobetasol da betametazon da ke cikin mayukan ƙara hasken fata. Dukkansu kwaikwayon kotisol ne, wasunsu sun ninka shi ƙarfi sau da yawa. Idan suka cika jini, mai shagon nan da na ambata sai ya ga kanta a cike kullum ya daina kiran dila, hular ƙoda kuma ta zauna babu aiki har ta shanye. Shan su kullum fiye da mako uku ya isa ya fara jawo haka. Muddin ana sha ba a ganin gazawar, sai ranar da aka daina kwatsam, ko ranar da zazzaɓi ko tiyata ko haihuwa suka buƙaci kotisol mai yawa, jiki ya nema ya rasa.

Ba zan manta da wata mata da ba ta wuce shekara 30 ba, wadda mijinta da ƙanwarta suka kawo mana da dare bayan kwana biyu tana amai da gudawa. Jininta ya faɗi ƙwarai, mun ɗaura mata ruwa leda bayan leda bai ɗaga ba. Da na ɗaga mayafinta domin in duba cikinta sai na ga nankarwa masu faɗi kamar yatsa, jajaye, a ciki da damatsa, fatar ta yi sirara har jijiyoyi na nunawa. Fuskarta a zagaye take fara sol, gaɓɓan yatsunta baƙi ƙirin, ƙafafunta kuwa sirara kamar ba su ne ke ɗauke da wannan jiki ba. Na roƙi maigidan ya je ya karɓo mana wani magani, da ya fita na tambayi ƙanwar a hankali. Ta yi jim, sannan ta buɗe jaka ta ciro ƙullin leda mai ƙananan fararen ƙwayoyi babu kwali, ta ce "sha ka fashe" ne, tun kafin biki yayarta take sha, fiye da shekara, ga kuma man haɗi da take shafawa safe da yamma. Ƙwayoyin sun ƙare mata kwana goma da suka wuce, waɗannan na ƙanwar ne. Muka yi mata allurar haidirokotison miligiram 100 ta jijiya, kafin asuba ta tashi zaune tana neman koko. Sai da muka yi watanni muna rage mata magani kaɗan-kaɗan kafin hular ƙodarta ta farka.

Irinta ba mata kaɗai ba ne. Akwai dattawa masu ciwon gwiwa da masu asma da ke sayen "haɗi" a kemis, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda, ɗaya daga ciki deksametazon ce, akwai masu karɓar allurar ƙaiƙayi ko ta sanyin ƙashi duk wata, kuma akan samu garin maganin gargajiya da aka daka masa sitiroyid a ciki domin mai sha ya ji sauƙi nan take ya dawo. Tiramadol da kodin ma, idan aka daɗe a kansu, suna danne umarnin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya karanta wannan ya gane kansa, kada ya daina sitiroyid a rana ɗaya. Ya je asibiti a tsara masa yadda zai sauka.

Su adaftojin

Kalmar daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet ta fito. A 1947 wani masanin guba, Nikolai Lazarev, ya ƙirƙiro ta yana neman abin da zai ƙara wa sojoji da ma'aikata juriyar wahala, almajirinsa Israel Brekhman kuma ya ci gaba da aikin a birnin Vladivostok a kan wani tsiro na dajin Saberiya, wanda daga baya aka riƙa bai wa 'yan wasa da 'yan sama jannati. A 1969 Brekhman da abokin aikinsa Dardymov suka gindaya sharuɗɗa uku: tsiron ya zama ba ya cutarwa, ya ƙara juriya ga kowace irin wahala, ya kuma mayar da jiki daidai ko ta wane ɓangare ya karkata. Sharaɗin na uku yana da daɗin ji, amma da wuya a gwada shi, domin maganin da aka ce yana ɗaga abin da ya sauka yana kuma saukar da abin da ya hau, duk sakamakon da ya fito sai a ce ya yi aiki. Don haka ni ba na yi musu hukunci a dunƙule. Kowane tsiro da nasa sinadaran, da nasa binciken, da nasa illolin.

Ashwaganda ce ta fi sauran samun bincike. Tsiro ne dangin gauta da tumatir, saiwarsa tsohon magani ce a likitancin gargajiyar Indiya da ake kira Ayurbeda, sunan kuma a harshen Sanskirit yana nufin warin doki, saboda warin ɗanyar saiwar. A wani gwaji da aka wallafa a 2012 daga birnin Hyderabad, an raba mutum 64 masu fama da damuwa gida biyu, aka bai wa rabi miligiram 300 sau biyu a rana har kwana 60, rabi kuma aka ba su ƙwayar da babu komai a cikinta. Waɗanda suka sha ta gaske sun ba da rahoton raguwar damuwa, kotisol ɗinsu kuma ya sauka da kusan kashi 28 cikin 100. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna kusan haka, har da ɗan gyaruwar barci. Ba zan ce wannan ba komai ba ne, amma gwaje-gwajen ƙanana ne, akasarinsu ba su wuce mako 8 zuwa 12 ba, kuma da yawa kamfanonin da ke sayar da tsiron ne suka samar da kayan gwajin. Sannan ki lura da tufka da warwarar da ke cikin tallan: an ce hular ƙodarki ta gaji ba ta fitar da isasshen kotisol, sai kuma aka miƙo miki tsiron da abin da aka fi tabbatarwa a kansa shi ne yana rage kotisol.

Tana kuma da illoli. A 2020 an wallafa rahoton mutum biyar daga Aisland da Amurka da hantarsu ta taɓu, suka kamu da ciwon shawara da ƙaiƙayi bayan mako 2 zuwa 12 da fara shanta, kuma an ci gaba da samun irin wannan a wasu ƙasashe. Ba kowa yake samu ba, amma a wurinmu, inda ciwon hanta nau'in B ya yawaita kuma da yawan masu ɗauke da shi ba su sani ba, ba abin wasa ba ne. Tana iya ɗaga sinadarin tayirod, wato halittar wuya da kumburinta ake kira maƙoƙo, tana iya ƙara wa maganin barci da na suga da na hawan jini ƙarfi, kuma ba a bai wa mai ciki ko mai shayarwa. Ƙasar Denmak ta hana sayar da ita a 2023 bayan nazarin da masananta suka yi. Rodiyola, wadda ke fitowa a duwatsu masu sanyi na Saberiya da arewacin Turai, hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da ita don rage gajiya na ɗan lokaci, amma bisa daɗewar amfani da ita a gargajiyance, tare da sharaɗin a ga likita idan alamomin suka wuce mako biyu. Jinsen na Koriya da Sin yakan hana barci, yana kuma rikita aikin wafarin, maganin hana daskarewar jini.

Wadda ta fi damuna game da ke ita ce saiwar nan mai zaƙi da Larabawa ke kira irƙus-sus, wadda duk wanda ya yi azumi a Masar ya san ruwanta baƙi da ake sayarwa lokacin buɗa-baki, kuma ana samunta a shagunan magungunan Musulunci a garuruwanmu. Masu haɗa kwalaben "tallafin adirinal" suna yawan sa ta, saboda tana tsawaita zaman kotisol. Yadda take yi shi ne, a cikin ƙoda akwai wani mai gadi da ke kashe ƙarfin kotisol kafin ya shiga ɗakin aldositeron, sinadarin da ke cikin saiwar kuma yana ɗaure wannan mai gadi. Sai kotisol ya shiga ya yi aikin da ba nasa ba: jiki ya riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau, ƙafa ta kumbura, fotasiyam ya zube, tsokoki su mutu, bugun zuciya ya rikice. A 2020 wata babbar mujallar likitanci ta Amurka ta kawo labarin wani magini ɗan shekara 54 a jihar Massachusetts da zuciyarsa ta tsaya bayan 'yan makonni yana cin alewar wannan saiwa leda ɗaya da rabi kullum. Mai hawan jini, balle mai shan maganin da ke sa fitsari, ba shi ba ita.

Sai kuma abin da ba a rubuta a jikin kwalba ba. A 2018 wasu likitoci a Amurka suka sayi nau'i 12 na kayan "tallafin adirinal" da aka fi saye, suka kai ɗakin gwaji. Dukkansu 12 an sami ɗan sinadarin tayirod a ciki, akasarinsu kuma da aƙalla sitiroyid ɗaya. Wato kwalbar da aka sayar domin ta farfaɗo da hular ƙoda tana iya ɗauke da irin abin da ya kwantar da waccan mata. Hakan na yiwuwa ne domin dokar Amurka ta 1994 ba ta wajabta wa mai sayar da irin waɗannan kaya ya tabbatar da amfaninsu kafin ya kai kasuwa ba. A Najeriya ma, lambar NAFDAC da ke ƙarewa da harafin L a jikin maganin tsirrai tana nufin an duba cewa ba ya cutarwa nan take, ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta, kuma idan kika duba ƙananan rubutun jikin kwalin za ki ga an faɗi haka.

Abin da zan yi da kina gabana

Ban gan ki ba, ban auna ki ba, don haka ba zan iya gaya miki abin da ke damunki daga wasiƙa ba. Amma da kin shigo ofishina, kafin in rubuta kowane gwaji sai na ƙirga sa'o'in barcinki da ke. Mata da yawa masu irin aikinki sukan kwanta bayan 11 na dare, su tashi kafin 5 domin sallah da abincin 'yan makaranta, sannan su yi mamakin gajiya. Shayin la'asar ɗin nan ma yana da hannu, domin rabin sinadarin da ke wartsakar da ke yana nan a jini bayan kimanin sa'a 5, kuma shayi mai kauri kusa da abinci yana rage shigar sinadarin ƙarfe cikin jiki. Zan tambayi yawan jinin al'adarki, da ko maigida na cewa kina minshari har numfashi ya ɗauke, da ko abubuwan da kike jin daɗinsu a da sun fita ranki, ko kina kuka ba dalili, domin ciwon damuwa a wurinmu ya fi zuwa da sunan "ciwon jiki" da "mutuwar jiki", kuma yana da magani. Zan kuma duba sunan maganin hawan jininki, saboda irin su atenolol da metildofa suna kawo kasala, masu sa fitsari kuma suna zubar da fotasiyam, sau da yawa canjin magani kaɗai ke warware matsalar.

Gwaje-gwajen farko ba masu tsada ba ne: yawan jini da ma'ajiyar ƙarfe, suga, tayirod, aikin ƙoda da gishirin jini, ciwon hanta nau'in B, ƙanjamau, da gwajin ciki. A cikin mata masu shekarunki da yawan haihuwarki, ƙarancin jini ne na fi samu. Idan kuma har hular ƙodarki tana da hannu a lamarin, na fi zargin ta da yin aiki fiye da kima. Akwai yanayin da take fitar da aldositeron da yawa, wanda Jerome Conn ya bayyana a 1955, yana kawo hawan jini da ƙarancin fotasiyam da raunin tsoka, kuma ana samunsa a tsakanin 5 zuwa 10 cikin 100 na masu hawan jini. Wadda jininta ya hau tana da shekara 37 ta cancanci a tuna da shi, musamman idan fotasiyam ya fito ƙasa ko jinin ya ƙi sauka da magani. Idan kuwa akwai rama, ko jiri, ko duhun dasashi, ko tarihin shan sitiroyid, sai a ɗebi jinin kotisol tsakanin ƙarfe 8 da 9 na safe. In ya fito a tsaka-tsaki, akwai allurar ACTH ta gwaji, a sake ɗibar jini bayan minti 30 da 60 a ga ko halittar ta amsa kira, kuma wannan a asibitin koyarwa ko na ƙwararru aka fi yi.

Idan duk waɗannan suka fito lafiya, aka gyara barci da shayi, kuma har yanzu kina son gwada ashwaganda saboda damuwa, ba zan ce haramun ne a likitance ba, amma da sharaɗi. Ta zama ita kaɗai ce a kwalbar ba haɗin tsirrai goma ba, ta saiwa, miligiram 300 zuwa 600 a rana, kada ta wuce wata biyu zuwa uku, bayan an tabbatar hantarki lafiya kuma ba ki da ciki ba kya shayarwa, likitan da ke kula da hawan jininki ya sani, kina kuma auna jinin duk mako. Ranar da idonki ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko ƙaiƙayi ya taso miki, ko zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ki ajiye ta ki je asibiti.

Ranar da za ki je ganin likita ki fita da wuri, domin idan ana buƙatar jinin safe a ɗiba a ranar. Ki zuba duk abin da kike sha ko shafawa a leda ɗaya ki tafi da shi: maganin hawan jinin da kwalinsa, na ciwon kai, na tsarin iyali idan akwai, jiƙo ko garin magani, kayan gyaran jiki, har da man shafawarki na yau da kullum ko da kina ganin ba magani ba ne. Idan ƙawar taki ta riga ta sayi kwalbar, ki aro ta ku tafi da ita a karanta abin da aka rubuta a bayanta.